Ranar da Baba Ya Zo Fitar da Ni Daga Otel

Kwanakin baya maƙwabcina ya yi wa ɗansa aure, aka yi walimar a babban otel ɗin nan na bakin gulbi, aka ce lalle sai na je tunda ni tsohon gida ne. Na sa babbar rigata ta Salla, na zuba turare har sai da jikata ta yi tari, na shiga taksi kamar wani minista. Da muka isa na hau matakalar da ƙafafuna suka sani ko ido rufe, na miƙa hannu zan kama mariƙin ƙofa, sai na kama iska. Babu mariƙi. Ƙofar ta rabe biyu da kanta, ta ja gefe shiru. Na tsaya ina leƙen bayanta in ga wanda ya ja, don in yi masa sannu da aiki, sai wani yaro mai waya a kunne ya ce, "Baba, wuce mana, ka tare hanya." Na wuce. Amma duk naman da aka ci a walimar nan ban ji ɗanɗanonsa ba. Aikin da na yi har kaina ya yi fari, ashe an samo abin da zai yi shi ba ci ba sha, ba ya tafiya salla, ba ya neman izinin zuwa jana'iza. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda ƙofar nan take lokacin da mutum ne a bakinta, kafin yara su ɗauka da ma can haka aka halicce ta. Wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Lakwal ɗina, wato karatun boko, gajere ne ƙwarai: an kai ni, na ga bulalar malam, kafin damina ta faɗi na koma bin awaki. Ɗan abin da na iya da girmana na koye shi, a ajin manya, ina zaune kan bencin da gwiwoyina suka fi teburinsa tsawo.

Ni Bagobiri ne, duk wanda ya dubi kumatuna ba sai ya tambaya ba. Cin rani ya kawo ni Yamai ina saurayi, da niyyar in koma kafin shuka, sai garin ya riƙe ni. Na sauka a unguwar Lazaret wurin wani tela ɗan garinmu, ina kwana tsakanin keken ɗinki da buhun ƙyallaye, da safe in taka har kasuwar Peti Marshe in yi dako. Kwandon tumatir, buhun albasa, cinyar sa, duk abin da aka aza mini ɗauka nake, don Allah bai ba ni kai mai riƙe karatu ba amma ya ba ni wuya. Ya kuma ba ni tsawo, irin wanda a garinmu ba shi da amfani sai wurin kakkaɓo tsamiya. To wannan tsawon shi ya zama takardar karatuna. Wata safiya wani ɗan gajeren mutum mai gashin baki, fes da shi kamar an bi shi da dutsen guga, ya zo kasuwa tare da kukun otel sayen kifi. Na kai musu kayan har mota. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya ƙara ɗagawa har hularsa ta nemi faɗuwa, ya ce, "Kai, duk wannan tsawon naka ne kai kaɗai?" Na ce ranka shi daɗe, in kana so sai in sam maka. Bai yi dariya ba. Ya ce gobe in same shi a otel, ta ƙofar baya.

Mutumin nan shi ne Shef, babban duk masu tarbar baƙi a gidan, kuma Bazabarme ne. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme. Taubasai muke. In mun haɗu sai tsiya da zagi, kowa ya ce ɗan'uwansa bawansa ne, kuma babu damar fushi. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Amma Shef a gida yake barin wannan wasa in zai fito aiki. A otel bai san Bagobiri ba, bai san Bazabarme ba, ya san dai mai tsabta da ƙazami. Ni ma tun daga maganar kasuwa ban ƙara gwada bakina a kansa ba.

Ku da kuka tashi kuka tarar da dogayen gidaje ko'ina a Yamai ba za ku gane abin da otel ɗin nan yake a wancan zamani ba. An gina shi lokacin da ƙasa take jin ƙarfinta, dutsen da ake haƙowa a arewa yana da daraja a duniya, manya suka ce mu ma sai mun yi masaukin da in baƙo ya zo daga ko'ina ba za mu sunkuyar da kai ba. Daga ƙetaren gulbi kana hango shi, daga kan gada kana hango shi, masu raƙuma da ke shigowa da itace da tabarmi da shi suke gane sun iso. Mutumin ƙauye in ya koma gida labari biyu ake jira daga bakinsa: ya ga Babbar Kasuwa, ya ga otel. Ango da abokansa su zo su jeru a bakin shinge a ɗauke su hoto, su koma ba su shiga ba, kuma ya ishe su fahari. Ni da nake zuwa da sassafe, abin da ya fi zauna mini a kunne shi ne masu wanki a bakin ruwa suna dukan tufafi kan dutse, tim, tim, da kiran masunta daga jirgi zuwa jirgi, da tsintsiyar masu shara a farfajiya. Can sai cokula da faranti su fara kuka daga madafa, ƙanshin burodi mai zafi da kafe ya biyo iska ya same ni ina goge mariƙin ƙofa. Na jan ƙarfe ne, dogo, da lemun tsami da toka nake murza shi har in ga haƙorana a ciki. In ka tura ƙofar kuwa, sanyin klim, injin sanyaya ɗaki, ya mare ka a fuska. Ranar farko na ɗauka zazzaɓi ne ya sauko mini.

Mu ma'aikata ƙasar ce gaba ɗaya aka tara a gida guda. Mutumin Damagaram a madafa, Babarbare a wurin guga, Ba'adare a lambu, Ba'abzine a gadin motoci, ga masu dafuwar da suka zo daga ƙasashen bakin teku suna koya mana cin barkonon da ke sa mutum tuna zunubansa. Baƙi kuwa ba irin da ban gani ba. Shugabannin ƙasashe, 'yan ƙwallo, makaɗa, likitoci, annasara masu neman dutse da masu neman ganin raƙumin dawa, attajiran Maraɗi da ke shigowa da babbar riga tana share ƙasa. Duk girman mutum sai ya jira ni kafin ya shiga. Ni da ban iya rubuta sunana ba a lokacin, na iya cewa sannu da zuwa da harsunan da ban san inda ƙasashensu suke ba.

Shef ya ba ni tenu: jar riga mai maɓallai masu walƙiya, hular kasket, da farar safar hannu, a garin da zafin bazara ke soya ƙwai a kan mota. Ya kuma ba ni dokokin ƙofa, kullum da safe sai ya maimaita su kamar karatun allo. Ba zama, ba jingina, ba goro, ba susa ko da kunama ce ta shiga wandonka. Gaisuwa da wuya kawai ake yi, gwiwa ba ta lanƙwasa. Babbar dokar kuwa, in mota ta tsaya, kafin injinta ya mutu hannunka yana kan ƙofarta. Yakan tsaya a gabana, kansa daidai aljihuna, ya ce, "Baƙon nan bai ga shugaban ƙasa ba tukuna, kai ya fara gani. In ka yi hamma, Nijar ce ta yi hamma." Na haɗiye hamma a ƙofar nan da ta isa cika rumbu. Yaran da na gani a wurin yanzu suna tsaye da wani ƙarfe mai kuka suna shafa jikin mutane, ban ga laifinsu ba, zamani ne ya lalace har sai an lalube baƙo kafin a ce masa maraba. Mu ido ne ƙarfenmu. Daga yadda mutum ya sauko da ƙafa daga mota na san ko taron da ya fito ya yi daɗi, na san wanda ke son a yi masa magana da wanda ke son a bar shi da gajiyarsa. Na so aikin nan kamar me. A karo na farko a rayuwata tsawona ya zama abin ado.

Sai dai a garinmu kalmar otel ma'ana ɗaya gare ta: gidan giya da matan banza. Wani direban kamyon gyaɗa ɗan unguwarmu ya wuce ya gan ni, ya koma ya ba da labari a bakin masallaci, ya ƙara masa gishiri. Ya ce ɗan wane yana can tsaye da jar riga yana gadin kwalabe, kuma a cikin gidan akwai tafki inda ake wanka tsirara da rana tsaka. Babana manomi ne, mutum mai magana ɗaya, wanda ko liman yakan gyara zama in ya shigo. Saƙonsa ya iso mini ta bakin direban nan dai, munafukin, yana faɗa yana sosa ƙeya: in ɗaure kayana, yana nan tafe, tare za mu koma. A gidanmu in Baba ya faɗi haka an gama. Na daina barci. Ni da tela muka ƙulla dabara: in ya sauka Lazaret a tare shi da fura mai sanyi, a tara dattawan garinmu da ke Yamai, a lallaɓa shi, kada kowa ya furta kalmar otel, a ce masaukin baƙin gwamnati. Har mun zaɓi wanda zai fara magana da wanda zai yi tari in magana ta karkace. Abin da muka manta shi ne Baba ba ya neman masauki sai ya gama abin da ya kawo shi.

Ranar da ya iso ana wani babban taro na ƙasashe. An shimfiɗa jan tapi, wato doguwar darduma, daga ƙofata har inda motoci ke tsayawa, ga tutoci, ga jandarmomi, ga masu hoto, Shef yana kai da kawowa kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Hantsi ya ɗaga, ina ta buɗe mota bayan mota, sai na hango wata malfa tana tahowa ta tsakiyar farfajiya. Na san malfar. Na san tafiyar. Yadda ya wuce jandarmomi har yau ban gane ba. Wani ya ce sallama kawai ya yi musu ya ci gaba da tafiya, suka ɗauka malami ne da aka kira addu'a. Ga sanda, ga bargo a kafaɗa, ga buta. Da ya iso bakin tapi sai ya tsaya, ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, don ba a taka shimfiɗar mutane da takalmi. Ya taho a kai sannu a hankali yana dubana. Daidai nan wata doguwar baƙar mota mai tuta ta shigo ta tsaya a bayansa.

Tun da aka haife ni ban taɓa gaida Baba a tsaye ba. Zan so in ce na tsaya na auna, na dubi mota na dubi uba, amma ƙarya ne. Gwiwoyina ba su shawarce ni ba. Sai kawai na ji ni a ƙasa, hula a hannu, jar riga da maɓallanta duk sun durƙusa tare da ni.

"Baba, sannu da zuwa. Kun sha hanya."

"Yawwa. Muna lahiya?"

"Lafiya lau. Yaya kuka baro su Inna?"

"Suna gaishe ka."

Gaisuwar Gobir ba a yanke ta a tsakiya. Na tambayi ƙannena, na tambayi gero, na tambayi rijiya, na tambayi jakinmu mai ciwon ƙafa. Ina cikin jaki na ji injin motar ya mutu. Babban baƙon yana zaune bayan gilashi yana kallonmu, masu hoto sun rasa wanda za su ɗauka. Sai ga Shef da gudu, da gajerun ƙafafunsa, ya zo ya buɗe motar da kansa. Baƙon ya sauko, ya kewaye mu ni da Baba kamar yadda ake kewaye kututture a gona, ya shige.

Shef ya sa wani mai ɗaukar kaya ya riƙe ƙofa, ya tasa mu gaba zuwa ɗakin ajiye akwatuna. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsoro.

"Cire rigar. Ajiye hular. Ka bi ta baya. Fini."

Na fara ɓalle maɓallai. Baba ya nuna Shef da sanda.

"Kai, wane na wanga guntun mutum?"

"Shef ne, Baba. Shi ne babbanmu."

"Mi yac ce?"

"Ya ce ya kore ni."

Na jira in ji alhamdu lillahi, tunda abin da ya taso shi daga Gobir ga shi an miƙa masa a hannu. Amma Shef, don takaici, ya juya yana gunaguni da harshensu, kunnen Baba kuwa ya kama.

"Af! Bazabarme na? Ashe bawana na ka yi ma ɗana tsawa!"

"Misye," in ji Shef, "nan wurin aiki ne. Ba a wasa a nan."

"Ka ga ubangidanka ka tsaya kana yi mai yaren annasara? Duƙa ka gaishe ni, ɗan cin ganye. Kun cinye zogalen ƙasar ga duka, awaki na kuka da ku."

Na ce yau ko ƙofar baya ba zan samu ba, ta taga za a jefa ni. Kafin ka ce me, kuku ya leƙo da ludayi a hannu, masu guga sun leƙo, mai lambu ya leƙo. Gashin bakin Shef yana rawa. Bazabarmen da Bagobiri ya tsokana a gaban mutane ya kasa ramawa, gobe har masu kifi a Peti Marshe sun ji. Ya daure, ya daure, sai ya fashe.

"Tsoho, wanda ya tsattsaga muku fuska ya san halinku. Ya san sai kun ɓace a birni, shi ya sa ya yi muku alama kamar shanun kasuwa, a san inda za a mayar da ku."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Baba ma ya yi, har ya buga sanda a ƙasa. Sannan ya gyara bargonsa.

"To ji nan, bawa. Ni na taho in tahi da yaron ga. Ban son aikin ga naku."

"Madalla! Ɗauki abinka. Mun daidaita."

"Ba mu daidaita ba. In ni na hidda shi, uba ya hidda ɗanai. In kai ka kore shi, sai a ce Bazabarme ya kori Bagobiri. In shiga gari da wace huska? Mai da mai rigarshi, sannan ni in tuɓe ta da hannuna."

"In mayar masa don ka cire?"

"Hakanan."

"In na ƙi fa?"

"In shimhiɗa bargona bakin ƙohwar can, duk baƙon da ya zo in ce mai bawana ya hana ni ruwa."

Aka sake dariya, amma Shef bai yi ba. Ya share fuska da hankici, ya ce, "Bar wasa, tsoho. Ni ma ina da uba, da shi ne ya shigo da ni ma ƙasa zan yi. Amma mutumin da ke cikin motar nan baƙo ne, kuma ba nawa ba, na ƙasa duka. Ya taso daga nesa, ya iso ƙofarmu, ɗanka ya bar shi a zaune kamar buhu. A Gobir haka kuke yi wa baƙo?"

Baba ya juyo gare ni a hankali.

"Baƙo na a motar?"

"Eh, Baba."

"Kuma kai ad da buɗe mai?"

"Ni ne."

"Ka bar baƙo bakin ƙohwa kana tambayata jaki?"

Sai na ji sanda a ƙauri. Jama'a, ku duba mini wannan rana: wanda nake wa aiki ya kore ni don na durƙusa, wanda na durƙusa wa ya doke ni don ban yi aiki ba. Na tsaya daga ni sai 'yar ciki ina murza ƙafa, kuku yana dariya har da hawaye.

"Ashe tarbon baƙi shikai," in ji Baba. "Ni an ce min gadin giya."

"Taho ka gani da idonka," in ji Shef, "in dai idon Bagobiri yana gani."

Suka shige gaba, na bi su da buta da takalma. Shef ya nuna masa madafa, inda tukunya ɗaya za ta ciyar da unguwarmu. Ya nuna masa ɗakin wanki, zannuwan gado farare tas an jera su har sama. Ya nuna masa gindin dogon yaro inda muke shimfiɗa tabarmi mu yi salla. Bai ɓoye masa komai ba, har wurin shan giyar ya kai shi, ya ce, "Ga shi nan, akwai. Ɗanka bai taɓa shiga ba, kuma ba don kirkinsa ba, don ban yarda da hannunsa kusa da abin fashewa ba." A bakin tafkin wankan kuwa ba kowa sai wani tsohon annasara mai jan tumbi yana kwance a rana. Baba ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Wanga na tsiraicin da anka ce? Allah shi ba shi lahiya." Daga nan aka shiga asansar, ɗan ɗakin nan mai hawa da mutane sama. Da ɗakin ya motsa Baba ya damƙe kafaɗar Shef yana salati, Shef yana cewa, "Riƙe ubangidanka da kyau, tsoho." Can sama Shef ya buɗe masa taga. Ga gulbi shimfiɗe, ga gada, ga lambuna kore shar a gefen ruwa, ga jiragen masunta ƙanana kamar ɓawon gyaɗa. Baba ya daɗe a wurin yana kallo. Da zai juyo ya ce, "Mu munka gina wanga?" Shef ya ce, "Mu dai. Ku kun kawo tsawo."

Aka ba shi shinkafa da kifi a wurin cin abincinmu, ya cinye tas, ya ce babu gishiri, abincin Zabarmawa ko a gidan sama bai canza hali ba. Aka yi azahar. Duk wannan lokaci babu wanda ya ce uffan a kaina. Rigar tana rataye a hannun Shef, ni kuwa ban san ko ni korarre ne ko ɗaukakke ba, abin da na sani kawai duk biyun hanyar tasha suke nufa. Baba ya ɗauki sandarsa, ya karɓi butarsa. Shef ya nuna masa ƙofar baya.

"Ta inda na shigo nika hita," in ji Baba, ya nufi babban zaure, tsakiyar baƙi masu kwat da masu rawani.

Shef ya dubi zauren, ya dubi bayan Baba, ya ja dogon numfashi. Sai ya wurgo mini rigar a fuska.

"Sa. Je ka buɗe wa tsohon nan ya fita mana daga gida. In ya fita kada ka matsa daga wurin. Maganar safe ni da diraktar, shugaban otel, ne."

Na zura ta da gudu, na riga Baba isa, na kama mariƙi na ja. Ban manta ba ya ce in an mayar mini da rigar shi zai tuɓe ta da hannunsa. Ya iso daidai ni ya tsaya. Gwiwoyina suka fara halinsu.

"Miƙe," ya ce, ƙasa-ƙasa. "Aiki kakai."

Na miƙe. Ya sa sanda a hammata, ya miƙo hannu ya kama rigar a ƙirjina. Na rufe ido. Sai na ji yana ɓalle maɓallin sama, wanda na sa a ramin da ba nasa ba don sauri, ya mayar da shi daidai, ya daddaɓa wurin da tafin hannu. Ya waiwaya cikin zaure, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Bawa! Ga ajiya nan na bar ma. In ta lalace kai nika tambaya."

"Tafi, tsoho," in ji Shef, "kafin baƙi su ɗauka kai ma na gidan ne."

Ya sauka matakala ya nufi tasha shi kaɗai. Na so in bi shi, in riƙe masa buta ko zuwa bakin titi ne. Amma ya ce in miƙe, kuma a gidanmu ba a maimaita magana.